Igiya Mai Ƙulli Uku

Jikokina sun ɗauka su suka ƙirƙiro taron masu hoto. Sai ka gan su sun duƙufa a kan waya, wani ya rubuta a haɗu wuri kaza ranar Asabar, kowa ya zo da kyamararsa. Ni dai kallonsu nake. Ba su san kakansu ya riƙe muƙami a irin wannan ƙungiya ba tun kafin wayar hannu ta shigo Kano. Muƙamin kuwa ba ƙarami ba ne: ni ne fuskar da ake gwada haske a kanta.

Abin ya faro ne shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Lokacin na ajiye tuƙin babbar mota, domin bayana ya ce ya gaji, na koma zaman benci a ƙofar shagon wani abokina mai ɗaukar hoto a Gyadi-Gyadi. Mutumin Filato ne, ya daɗe a unguwar har 'ya'yan da ya ɗauka ranar suna sun fara kawo nasu. Ina kiransa Ɗan Filato, shi yana kirana Baƙauye, wai don ranar da na fara shiga shagonsa na yi wa jirgin saman da aka zana a ƙyallen bango sallama. Sharri yake yi mini. Hula kawai na gyara.

Zamanin soja, in mutum biyar suka jeru a titi da kyamara a wuya, to sai sun yi bayani. Da siyasa ta dawo sai masu hoto suka yi daraja, kowane mai neman kansila yana son fuskarsa a jikin garu, da irin murmushin da ko matarsa ba ta taɓa gani ba. A cikin wannan yanayi ne wata malamar sakandare 'yar Kudancin Kaduna, mai zama a Darmanawa, ta lura cewa duk masu hoton yankinmu wuri ɗaya suke kai fim a wanke musu. Ita hoto a wurinta sha'awa ce, ba sana'a ba. Ta roƙi mai wankin ya riƙa saka 'yar takarda a cikin ambulan ɗin kowa. Ka zo karɓar hotunanka, ka tarar da rubutun Malama: Lahadin farkon wata, shagon wane, a zo da abu kaza. Wannan ita ce wayar tamu, kuma ban taɓa jin an ce saƙo bai shiga ba.

Ana haɗuwa bayan masu coci sun dawo, mu kuma mun sallaci azahar, a watse kafin magariba. Wannan watan a shagon wani a Daurawa, wani watan a Unguwar Gano, wani lokaci kuma a fita yawo cikin lunguna ana ɗaukar masu faci da masu tuyar awara. Ni ba ni da kyamara. Karatuna ma a aji huɗu ya tsaya, ragowar a bayan motoci na ƙarasa shi. Amma suna buƙatar wanda zai zauna awa biyu bai motsa ba, ni kuwa hanyar kudu ta koya mini zama. Malama ta ce fuska mai kwari da tudu irin tawa ta fi ta samari koyar da haske. Na ɗauki maganar a matsayin yabo, har yau ban sake ra'ayi ba.

Akwai wata doka tasu da ta fi burge ni. Duk hoton da aka ɗauka a taron baya, sai a zo da shi a shimfiɗa kan tabarma, babu suna a baya, babu hatimin shago. Kowa ya faɗi abin da ya gani, babba ko ƙarami. Na ga dattijo mai furfura yana gyaɗa kai ana tsefe masa aiki, ya koma gida ya gyara. Tunda nake a tasha ban taɓa ganin direban da aka ce masa bai iya shan kwana ba ya yi godiya.

To ga inda laifina ya shigo. Tun watanni kafin nan na lura hotunan da Ɗan Filato yake ɗaukata sun fara kyau. Tamojin goshina ya ɓace, furfurar ta yi laushi kamar auduga. Na kai ɗaya gida, mai ɗakina ta duba ta tambaye ni ko ƙanina ne da ban taɓa gaya mata ba. Na san dishi-dishi ne. Na kuma ga wata mata ta dawo masa da hotunan fasfo, an ƙi karɓa a inda ta kai, ya ɗora laifin a kan fim. Na ga yadda masu zuwa shagon suka ragu. Na ja bakina na yi shiru, rabi don kunyarsa, rabi kuwa, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, don ina son ƙanin nan nawa.

Ranar da abin ya fito fili a Unguwar Gano muke, a shagon wani da muke kira Mai Fasta, saboda shi ya kame aikin 'yan siyasa. Gwani ne, amma harshensa reza. Aka baje hotunan da aka yi mini a wani lungu a Daurawa. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ya ce wanda ya yi wannan ya sayar da kyamarar ya sayi awaki, don ko tsohuwa ta leƙa ta cikin tulu za ta fi shi gani. Aka kwashe da dariya. Ɗan Filato ma ya yi. Da hoton ya zagayo hannunsa ya kai shi dab da hancinsa, ya miƙar da hannu ya nisanta shi, sannan ya ajiye. Ni kaɗai na san mai shi, domin a ranar ɗaukar Ɗan Filato ya tsokane ni na turo hulata gaban goshi, kuma a hoto ɗaya tak hular take a haka.

Da aka tashi ya ce ba zai hau acaɓa ba, mu taka. Muka yi tafiya mai nisa ba magana, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Sai da muka kusa shago ya tsaya.

"Baƙauye, hoton nan nawa ne?"

Na fara kame-kame, na ce ai hotuna da yawa ne, rana ma ta yi ƙarfi a ranar. Ya ce ba labarin rana ya tambaye ni ba.

"Naka ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya gaya mini ya kai shekara yana ganin duniya kamar ta bayan labule. Likita ya ce yanar ido ce, kuma ba yanzu za a taɓa ta ba. Haske yana gane shi, mutum ma yana gane shi, amma in ya leƙa kyamara ba ya iya sanin inda fuska ta fito tangaran, lambobin da ke jikin zoben da ake murzawa a saita hoton kuwa sun zame masa tururuwa. Ya ce ba zai zauna yana ɓata wa mutane fuska ba. Ƙarshen wata mai zuwa zai rufe shagon ya koma ƙauyensu. Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba.

Ni mutum ne mai riƙon amana. Na riƙe ta har washegari da hantsi, sannan na nufi Darmanawa.

Malama ba ta yi salati ba, ba ta ce Allah sarki ba. Tambayoyi ta jero mini kamar ina gaban allo: hannunsa yana rawa? A'a. Yana iya jera fitilu? Ya fi kowa. To me ya gagare shi? Na ce tazara, wato sanin nisan mutum daga kyamara. Ta tsura wa igiyar shanyarta ido. Can ta tashi ta kwashe kayan da ke kai, ta kwance ta.

A satin nan takarda ta shiga ambulan ɗin kowa: taro na gaba a shagon Baban Gyadi-Gyadi, wato Ɗan Filato, za a yi gasar ɗaukar hoto ido rufe, kowa ya aro ɗankwalin matarsa. Kafin ranar ta je da Mai Fasta, wai duba wuri. Mai Fasta kaɗai ta gaya wa gaskiya, kuma an ce mini ya fi minti goma bai ɗago kai ba. Ya ce wa Ɗan Filato don a yi adalci da kyamara ɗaya za a yi gasar, tasa. Suka kafa ta a kan ƙafafunta uku, suka zagaye gurbin kowace ƙafa da fenti a ƙasa. Suka ɗaura igiyar a wuyan ƙafafun, suka yi mata ƙulli uku: na farko nisan hoton fasfo, na biyu rabin jiki, na uku iyali gaba ɗaya. A jikin zoben saitin kuma Mai Fasta ya ɗiga jan farcen Malama, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo uku, yadda in ya bushe yatsa zai ji shi. Mai harshen reza shi ya yini a durƙushe yana awo.

Ranar Lahadi na ga ta kaina. Ƙarti goma sha wani abu, kowanne da ɗankwali a fuska, yana lalube ya jawo igiya sai ƙulli ya taɓa hancina. Wani ya tsokane mini ido, wani ya auna kunnena ya ce hanci ne. Wani ya zo da ɗankwali mai ƙyalƙyali, aka ce masa amarya, ya ce ai gara shi yana da matar da za ta ara masa. Na zauna daram kamar yadda muƙamina ya tanada.

Ɗan Filato ne na ƙarshe. Malama ta miƙa masa ɗankwali, ya mayar mata.

"Bar shi, 'yata. Ni Allah ya riga ya ɗaura mini nawa."

Mai Fasta ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu, ya ce maganar awaki gaskiya ce, kuma dokar tabarma ba a neman afuwa a kanta. Sannan ya juyo wajena ya ce bakin Baƙauye ya fi ƙofar tasha faɗi, amma zai yi maganina daga baya.

Ya kama igiyar. Ya bi ta da yatsa har ƙulli na farko, ya ja kujerata baya kaɗan sai da ƙullin ya sauka a kan karan hancina. Ya koma ya shafa zoben ya tsaya a ɗigo ɗaya. Ya matsar da fitila, ya sa bayan hannunsa kusa da kumatuna yana jin ɗuminta, ya ƙara karkata ta. Ya ɗaga haɓata da ɗan yatsa, yadda ya yi wa rabin unguwar nan. Ya danna.

A wancan zamani ba a leƙa bayan kyamara a ga abin da aka yi. Sai an kai fim an wanke. Kwana uku muka jira, kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in ya fito dishi-dishi, kwalayensa a ɗaure suke. Ranar karɓa na raka shi. Ya buɗe ambulan a bakin titi, ya zaro nasa hoton da mai wankin ya yi wa alama, bai ko kai shi fuskarsa ba ya miƙo mini.

"Wannan karon ka faɗa mini gaskiya."

Na duba. Ga tamojin nan layi-layi kamar kunyar gero. Ga jan goro a haƙorana. Har wani gashi fari guda ɗaya da ke cikin kunnena, wanda ban san da zamansa ba, ya fito ya tsaya a gaban jama'a.

"Ɗan Filato," na ce, "wallahi ka cuce ni."

Dariya ya yi har sai da ya dafa kafaɗata, masu acaɓa suna waiwayenmu. Da yamma ya kwance kwalayen.

Igiyar ta zauna a shagon. Mutanen unguwa suka ɗauka sabuwar fasaha ce daga Turai, har wani mai neman kansila ya je wurin Mai Fasta ya ƙi zama, ya ce shi ma sai an auna masa hanci kamar yadda ake yi a Gyadi-Gyadi. Dole ya nemo tasa igiyar. Bayan shekara biyu aka cire wa abokina yanar, ya dawo yana karanta lambar mota daga tsallaken titi, amma bai kwance igiyar ba. Ya ce ido ya taɓa yi masa ƙarya, ita ba ta taɓa ba.

Hoton kuwa, mai ɗakina ta sa an yi masa gilashi ta rataye a falo, ta sauke na ƙanin nawa. Ta ce wannan shi ne mutumin da ta aura, da gashin kunnensa da komai. Na ƙanin yana ƙasan akwatina, in ta tafi unguwa nakan ɗauko mu gaisa.