Sawun Ƙafa a Ƙarƙashin Daɓe

Shekaru sun fara cinye mini sunaye da fuskoki, har tabarau yana kan hancina nakan tashi nemansa. Amma akwai wani hantsi da na san ba zai bar raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa, wato hantsin da aka fasa daɓen ɗakin surukata.

Ni malamar firamare ce, maigidana Malam kuma ma'aikacin gona ne na gwamnati, mun yi ritaya kusan tare muna zaune a Gwadangaji. Ba mu gama ɗanɗana hutun ba hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ranar da za a sallame mu daga asibiti, likita ya gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba, amma in bai riƙa taka ta ba za ta sandare, shi da keken marasa lafiya kuma mutu ka raba. Malam ya ji da kunnensa. Sau ɗaya ya gwada, ya faɗi a ƙofar banɗaki, daga nan tsoro ya shige shi. Na yi lallashi, na yi faɗa irin wanda na saba yi a aji, na haɗa shi da 'ya'ya a waya suka yi nasu, duk kamar an shuka dusa. Magana ɗaya yake maimaitawa, a mai da shi gida.

Gidan kuwa wata tunga ce a tsakiyar fadama, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ɗan tudu ne, da damina ta kankama sai gulbi ya kewaye shi ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai da kwale-kwale har bayan kaka. Na ce masa wanda ya kasa kai kansa banɗaki ne zai zauna inda asibiti sai an haye ruwa? Da na ga yana neman daina cin abinci, ni da kaina na haɗa kaya.

Ba zan yi ƙarya ba, zaman ya fi yadda na zata. Da safe masunta na dawowa, kifi yana motsi ake miƙo mini shi a bakin ruwa. Duk inda ka juya shinkafa ce kore shar, iska kuma ba ta yankewa. Ranar kasuwa nakan ba mai jirgi saƙon magani zuwa Argungu, ya dawo mini da shi har da gishiri da labarin gari. Kullum ina auna jinin Malam, ya sauka, barci ya dawo masa, har ya fara tsokanata wai 'yar birni ta koyi gyaran kifi da tsufa. Ƙafa dai ko gezau. Sai a fito da shi gindin mangwaro ya wuni yana kallon ruwa, ni kuma ina kallon ƙafar tana ƙara ramewa.

A ɗakin marigayiya mahaifiyarsa muka sauka. Daɓen ya lotsa, danshi yana tasowa, ƙofar kuma keke ba ya shiga, kullum sai an ciccibe shi. Sai muka yanke a faɗaɗa ƙofa, a haƙe daɓen a zuba siminti. A gaskiya gyaran nan alamar na saduda ce, ina shirya ɗaki ne don mutumin da ba zai sake tafiya ba. Aka yo jigilar siminti a kwale-kwale an lulluɓe da leda, aka kwashe mana kaya zuwa ɗakin Yaya, wato yayar Malam, tsohuwa mai baki da ba ta taɓa barin tungar ba, idonta kuma ya fara yin yana, ba ta gani sosai.

Magini ya zo da mutanensa suka fasa daɓen sama. A ƙarƙashinsa laka ce baƙa. Suna ci gaba sai diga ta sake dukan abu mai tauri, ashe wani daɓen ne, ja, sumul kamar jiya aka buga shi. Suka fasa gefe, sai ga laka, sai ga wani kuma. Na ce wane marar aikin yi ne ke daɓe a ƙarƙashin daɓe? Yaya ta yi mini dariya son ranta kafin ta yi bayani. Ta ce duk shekarar da babban ruwa ya shiga ɗaki ya bar laka, ba a kwashe ta. Ƙasa ake ƙarawa a kai, mata su taru su buga sabon daɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko bango ya faɗi a nan ake sake ta da shi. Na leƙa bakin ramin na ga layi kan layi, baƙi da ja, har inda diga ta tsaya, kuma ba alamar sun ƙare. Tudun da nake zaton haka aka same shi, ashe hannun mata ne ya tara shi tun kakannin kakanni. Sai na shiga tasbihi.

Ina cikin haka magini ya ajiye diga ya durƙusa a kusurwa yana share ƙasa da tafinsa. A kan ɗaya daga cikin daɓunan nan akwai sawun ƙafar yaro, ɗan mitsitsi, da dunduniya da yatsu cif. Yaya ta ce a kai hannunta wurin. Ta daɗe tana shafawa, ta yi dariya, sai kuma hawaye.

"Malama, kin san ƙahwar wa ta wagga? Ta mijinki ta," in ji ta. "Ran da anka yi daɓen ga yah hwara tahiya. Bai bushe ba yat taka, mata sunka ce a buge wurin, Inna tac ce ba mai taɓa shi."

Na fita na gaya wa Malam a gindin mangwaro. Ya ce yana son ya gani. Magini ya ce bari ya ɗauko masa hoto a waya, Malam ya girgiza kai, ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ƙasar da aka haƙo ta tare hanya, keke ba zai wuce ba, sai maza biyu suka sunkuya za su ɗauke shi yadda aka saba. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ku sake shi. Mai sawun ga ba ɗauko shi anka yi ba, da ƙahwatai yaz zo."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ce mata in ya faɗi ita za ta yi jinya? Kafin in furta, na ji hannun Malam ya damƙi kafaɗata. Ya ce a miƙo masa sanda.

Tsakanin mangwaro da ƙofar nan ba wata tazara ba ce, amma ban taɓa ganin tafiya mai nisanta ba. Ya miƙe jikinsa na ɓari, gumi ya jiƙa masa riga. Ya jefa ƙafar dama, ya tsaya, ya ja ta hagu tana zana ƙasa. Nauyinsa duk yana kaina, ina jin bugun zuciyarsa, tawa kuma ta fi tasa. Ya tsaya hutawa, na ce ya isa haka, ya ce in yi shiru. A haka har ya dafa bango ya leƙa ramin.

Ya daɗe yana kallo. Sai a lokacin na lura sawun na hagu ne. Ya dubi sawun, ya dubi ƙafarsa da ta rame, ya ce a hankali, "Ashe da ita nih hwara."

Ba mu ƙara haƙa ba. Malam ya sa aka rufe wurin da yashi mai laushi, muka zuba namu simintin a sama kamar yadda na baya suka yi. Ƙafar ba ta koma daidai ba, har yau yana jan ta, amma da ita yake zuwa masallaci, da ita yake gangarawa bakin ruwa ya yi gardama da masunta.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da yara, amma sai ranar na gane faɗa ba ya ta da wanda ya faɗi, sai dai ka nemo masa abin da zai so ya je ya gani da kansa. Na kuma gane duk inda muka tsaya muna jin ƙarfinmu ne, akwai waɗanda suka durƙusa suka buga mana wurin tun ba mu iya tsayuwa ba.