Na Je Djougou Neman Dutsen Mahaifina

A da, duk wanda ya shiga babbar sakandaren gwamnati da muka yi a Djougou, bango zai fara gaida shi. Gwamnati ta ba da malamai da kwanon rufi, iyayenmu fataken goro suka kawo jan dutse a kan jakuna. Kowane gida ya sassaƙa tambarinsa a dutse guda, irin wanda yake yi wa huhun goronsa. Na mahaifina ƙafar zabuwa ce, ƙarƙashin tagar ajinmu. Yau yaran makarantar ba su ma san an yi haka ba.

Da na ji ana gyaran makarantar, sai hankalina ya tashi. Ina son dutsen nan, ko a bar shi a bango ko a ba ni.

Mun tashi da asuba daga Zongo a Parakou, ni da wani ɗan'uwana. Ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ya kai mu tasha, muka cusa kanmu a taksi, mu huɗu a baya har da buhun doya a kan ƙafata. Kwalta ba laifi, sai dai manyan motoci da ke tura mu gefe. A hanya Fulani mata suka kewaye mu da wagashi, cukun da suke yi da nono. Ya yi tsada, har na tambayi ɗaya ko shanun ma sun fara biyan kuɗin makaranta.

A Djougou abokin karatuna ya tare mu. Bai taɓa barin garin ba.

"Sarkin yawo! Duk duniyar da ka zaga, dutse ya dawo da kai?"

Muka je. Babu ginin. An rushe shi ƙasa, an jera shaguna masu kallon titi, an tura azuzuwa baya, na bulo, fenti rawaya. Darektan, yaro mai ladabi, ya yi mini bayani da Faransanci cewa ginin ya tsufa, ɗalibai sun yi yawa. Na yarda. Amma na ga tsofaffin makarantu a Kumasi da Zinder da Kano, an ƙara gini, an bar na farko a tsaye. A nan ba wanda ya aika ko yaro unguwa ya ce, ku zo ku kwashi na iyayenku. Da na tambayi duwatsun, ya ce ɗan kwangila ya cike harsashin shaguna da su, ragowar aka zubar bakin hanya.

"Haba Alhaji, dutse ne fa kawai," in ji abokina. "Zo ka ci sakwara ka huce."

Muka zauna wurin wata mai abinci a ƙofar makarantar. Ina ci ina kallon murhunta, sai na ga jan dutse ne sassaƙaƙƙe. Na roƙe ta ta sauke tukunya, na goge baƙin da ganye. Tambari ya fito, baka da kibiya.

Ba namu ba ne. Na gidan abokina ne.

Ya ajiye lomarsa. Ya durƙusa yana shafa dutsen da zafinsa.

"Baba, ɗauka," in ji matar, "amma ka kawo mini wani, miyata ba ta zama a kan biyu."

Da kansa, da tsufansa, ya je ya nemo mata. Muka bi murhun duk masu abinci a layin muna leƙe kamar mahaukata. Babu ƙafar zabuwa.

Na dawo Parakou da yamma hannu wofi, raina a ɓace. Abin da na koyo shi ne mu ma mun yi sake, muna jiran a tambaye mu. Makarantar tana nan, yara suna karatu, Allah ya yi musu albarka. Amma dutsen mahaifina, ga alama, yana ƙarƙashin wani shagon sayar da waya, kuma ba sauran bangon da zan kai jikana in ce masa, ga hannun kakan babanka.