Muryar Baba a Bakin Zane

Shekarar da had-dis, wato ma'ajiyar bayanan laftof ɗina, ya fara ƙara kamar injin niƙa, mai gyara a babbar kasuwar Mubi, wani Babarbare mai yawan murmushi, ya ce kada in jira ya mutu. Ya kwashe komai ya zuba a wani ɗan abu mai kama da akwatin ashana, wai Es-es-di, ya haɗa shi da gajeriyar waya ta gefe.

"Yallaɓai, daga nan laftof za ta riƙa tashi," in ji shi. "In ka cire, ba ta san ko sunanta ba. Kuma kada a fizge tana aiki."

Ni dai murmushinsa bai kwanta mini ba. Na tsaya a kansa har ya gama, don a ciki akwai muryar mahaifina da na naɗa a ƙauyenmu Bahuli kafin rasuwarsa, yana ba da labarin gona da yarenmu. Babu ita a wani wuri kuma.

A gidanmu kuwa wayar caji ba ta da mai ita. Da an kawo wuta, kowa sai ya zare ta kusa da shi ya sa caji. Saboda haka na zama ɗan sanda. Ko banɗaki zan shiga, abin yana aljihuna.

Wata Juma'a na yi sauri, na bar laftof a kunne bisa tabarma. Na dawo na tarar da fuskarta baƙi ƙirin, babu abin, babu wayarsa. Na tsare yayana, na ce shi ya ɗauke, ya zaci fawa-banki ne na cajin waya. Ya rantse, ban yarda ba. Matarsa ma na bi ta da kallon da har yau ba ta manta ba.

Ana cikin hayaniya Goggo, ƙanwar Baba, ta fito tana dogara sanda. Ta kwance ƙullin bakin zanenta, inda take ajiye goro, sai ga shi, har da wayarsa.

"Kai ne ka ce yayana yana ciki," ta ce. "Na sa a kunne tun ɗazu, ya ƙi magana. Ka bar shi a ƙasa, kaji suna bi ta kai. Ban yarda da kai ba."

Na mayar da wayar jikin laftof, na danna. Baƙin ya daɗe, na tuna gargaɗin mai gyara, na ji kamar zan yi kuka. Can haske ya zo. Na buɗe, Baba ya yi gyaran murya, ya fara maganar gero.

Goggo ta zauna daɓas ta amsa masa sallama, ko da yake ba sallama ya yi ba. Da muryar ta ƙare ban tsaya tambaya ba. Na kashe laftof yadda ya kamata, na zare abin, na miƙa mata. Ta ƙulle shi tare da goronta, ƙulli biyu.