Kada Zumar Ta Taɓa Shinkafa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Kirista ce, amma kalmar da ta fara fita daga bakina da safen nan ke nan, don a bakin Anti Zulai na saba jin ta.

Ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki aka kira ni. Anti Zulai ta rasu da asuba a asibiti.

Zama na yi daɓas a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ogata ce a ofishinmu da ke Doka, nan Kaduna. Ita ta karɓe ni ranar da na fara aiki, ita ta koya min komai, har da yadda ake ba wa darakta amsa ba tare da an ɗaga murya ba. Wannan darasin kam har yau ban iya shi ba, ku da kuka san bakina kun sani.

Lokacin maigidana yana aiki a wani gari, ni kaɗai ce da yara uku a Abakpa. In na taso aiki ga cunkoson motoci, in na isa gida ga tukunya tana jirana. Wata rana ta same ni ina gyangyaɗi a kan tebur, ta ɗan bugi kafaɗata.

"Rifkatu, jiya ma sakwara kika daka?"

Na ce e.

Ta ce, "To, wa ya ba ki lambar yabo?"

Da aka tashi ta sa ni a motarta sai wani babban kanti. Ta buɗe firiza ta ciro leda ta danƙa min. Fukafukan kaza ne da aka riga aka gasa, aka mulke da zuma da haɗin gashin nan na Turawa da ake kira babakiyu, aka daskarar. Ɗumamawa kawai za ki yi, ki dafa farar shinkafa, an gama.

Na kalli ledar na kalle ta. Na ce, "Haba Anti, wannan ai abincin ragwaye ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Zo gidana ranar Asabar ki ga raguwa."

Na je gidanta a Kinkinau ranar Asabar. A nan na fara ganin Ummi, 'yarta tilo. Yarinya kyakkyawa, doguwa, yanzu ta kusa zama budurwa. Ummi tana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Maganarta kaɗan ce, hayaniya tana firgita ta, kuma abinci in ba wanda ta sani ba ne, ko za ta kwana da yunwa ba za ta kai shi baki ba. Anti Zulai ta yi shekaru tana gwada wannan tana gwada wancan, tana kuka a ɓoye, kafin Allah ya haɗa ta da fukafukan nan. Su kaɗai ne naman da Ummi ke ci.

Su ɗin ma da ƙa'ida. Ba a sa mai, ba a sa yaji. A wani tsohon kasko mai murfin gilashi ake yi, wuta ƙasa ƙasa, a juya har zumar ta yi danƙo. Dole Ummi ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo, in ba ta ga an buɗe ledar a gabanta ba, ba ta ci. Faranti kore. Shinkafa can gefe. Masu ƙashi biyu take ci, masu kama da ƙaramar cinya kuwa sai ta ɗauka ta miƙa wa mamanta, ita ke cinyewa.

Ranar na ji kunyar bakina. Anti cokali kawai ta miƙo min ta ce in juya.

Fukafukan nan ba su da araha, kowa ya sani. Matar nan ta daina shiga anko na biki saboda su, in an tsokane ta sai ta ce atamfa ba ta ƙosar da yaro. In wuta ta daɗe ba a kawo ba, a kula take zuba su da ƙanƙara ta kawo firizarmu ta ofis. Ni ma na koya. Yarana har yau in sun ji ƙamshin nan sai su ce yau Mama ta yi girkin Anti Zulai.

Ranar Lahadi bayan coci na je duba ta a asibiti. Ta rame, muryarta da ƙyar take fita. Na fara yi mata surutun ofis don ta yi dariya, sai ta kama hannuna.

"Rifkatu, bar zancen ofis. Ummi ta ci abinci?"

Na ce dangi sun cika gidan, ai ba za su bar ta da yunwa ba.

Ta girgiza kai. Ta ce, "Za su ce taurin kai ne. Kada ki bari. Kin san yadda ake yi. Kada zumar ta taɓa shinkafa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da na isa gidan an riga an fita da ita. Mata cike da tsakar gida a kan tabarmi. Kuloli jere a jikin bango, tuwo, dambu, shinkafa da wake, kunu, duk daga maƙwabta. Kun san al'ada, gidan da aka yi rashi ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke ciyar da su. Al'ada ce mai kyau, Allah ya saka wa mutanen layin nan da alheri.

Amma Ummi tana bayan ƙofar ɗakin mamanta a tsugune, hannu biyu a kunne, leɓenta duk ya bushe.

Babanta ya dawo daga maƙabarta, ido jawur. Ya ce min tun da aka kwantar da mamanta ruwa kawai take sha sai ɗan biskit. Likita ya ce in aka ƙara kwana a haka sai an sa mata ƙarin ruwa. Ummi da allura kuwa, da aka taɓa yi mata sai da manya suka danne ta, ta yi makonni ba ta yarda kowa ya matso kusa da ita.

Na ce ina fukafukan da ke firiza? Ashe baƙi sun yi yawa a kwanakin jinya, matan gida suka kwashe su duka suka soya da man gyaɗa, suka barbaɗa yaji, aka raba. Ba mugunta ba ce, ba su sani ba ne. An kai wa Ummi nata ta ture.

Ban tsaya sallama da kowa ba. Na tari Keke Napep zuwa kanti na dawo da leda biyu, na nufi kicin kai tsaye.

A ƙofa na haɗu da Gwaggo Asabe, yayar baban Ummi, ita ke riƙe da gidan yau.

"'Yar nan, ina zuwa da wannan?"

Na durƙusa na gaishe ta na yi mata ta'aziyya. Na ce abincin Ummi zan ɗora.

Ta ce, "A gidan da aka fita da gawa ɗazu? Ƙamshin suya ya tashi mutane su ce me? Ga abinci nan kala kala. Ki bar ta, yunwa za ta sa ta ci."

Jama'a, raina ya ɓaci. Da a ofis ne da an ji mu a titi. Amma na tuna wadda ta koya min magana, na haɗiye fushina.

Na ce, "Gwaggo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yunwa ba ta sa Ummi ci. Uwarta ta riƙe hannuna a gadon asibiti ta bar min wannan. Wasiyya ce. In kin ce in fita zan fita, amma a ƙofar gida zan kunna risho in yi."

Ta karɓi ledar ta jujjuya, na nuna mata tambarin halal, na ce a rufe take, a gabanta zan buɗe. Ta leƙa ɗakin da Ummi take. Ta daɗe a tsaye a wurin.

Da ta dawo sai ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin kicin, ta gyara mayafi. Ta ce, "Ɗora. Duk wadda ƙamshi ya dama ta zo ta same ni."

Na sauko da kaskon nan mai murfin gilashi. Ƙarar ledar kawai Ummi ta ji, sai ga ta a ƙofa, daidai inda take tsayawa kullum. Ba ta kalle ni ba, kaskon take kallo. Na buɗe ledar a gabanta, na zuba, na shiga juyawa. Ƙamshin zuma ya cika gidan makoki, na ji ana ƙus ƙus a tsakar gida, Gwaggo ta yi gyaran murya sau ɗaya aka yi tsit.

Faranti kore. Shinkafa can gefe.

Ummi ta ci, jama'a. Ta ci! Babanta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna girgiza.

Da ta gama da masu ƙashi biyu sai ta ɗauki ƙaramar cinyar nan ta miƙa wajen kujerar da mamanta ke zama. Babu kowa a kai. Ta riƙe hannun a miƙe, tana jira. Ba wanda ya iya motsi a kicin ɗin.

Sai na je na zauna a kujerar, na tara hannu. Ta yi jim, sannan ta saka min.

Na ci. Ban san da me na haɗiye ba, amma na ci.

Kafin in fito Gwaggo ta kama gefen zanina ta ce, "Gobe ki dawo ki nuna min yadda ake juyawa." Zan koma gobe, zan koma jibi. Zan koya wa Gwaggo, in koya wa babanta, har sai kowa a gidan ya iya. Asabar ɗina kuma daga yau ta Kinkinau ce. Wanda ya ga dama ya ce abincin ragwaye ne, ni na riga na faɗa na kuma ji kunya. Muddin ina numfashi a garin Kaduna, yarinyar nan ba za ta kwana da yunwa ba, kuma ba wanda zai danne ta a gadon asibiti saboda abinci.

Anti, kin bar min aiki, na karɓa.

Ya Allah ka jiƙan Zulaihatu, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka ba ta hutun da ba ta samu ba a duniya. Ka riƙe Ummi da hannunka, ka ba babanta ƙarfin zuciya.

Ku da kuke karantawa, don Allah kada ku wuce haka nan. Mai zuwa masallaci ya sa ta a addu'a, mai zuwa coci ma haka. Ku ambaci sunan Ummi, ku roƙa mata Allah ya sa gobe ma ta ci.