Yatsu biyu na bari a asibiti

Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na ɓuya, ga inda na shiga.

Ranar noman fari, a gonarmu ta bayan Ɗambatta, fartanya ta sare ni a ƙafar hagu. Ɗan sara ne, sai da na ƙarasa kunyata ma na tafi gida. Na yi abin da kowa ke yi a garinmu: na sayi kafso a kemis, na fasa, na barbaɗa a ciwon. Inna, mahaifiyata, ta ƙara da garin bagaruwa. Sauran kafson na sha kwana biyu, zafi na lafawa na watsar.

Cikin sati uku ƙafar ta kumbura, ta soma baƙi, tana zubar da ruwa kore. Saboda wari, Ummi, ƙaramar 'yata, ta daina zama kusa da ni. Wannan ya fi ciwon ci min rai.

A asibiti a Kano aka ɗebi mugunyar aka gwada. Yawancin magunguna ba sa taɓa ƙwayoyin cutar.

Likita ya ce, "Malam, ƙwayoyin nan suna magana da junansu ta wani sinadari. In sun ji sun yi yawa, sai su lulluɓe kansu da yauƙi, magani ya kasa ratsawa."

Inna ta ce, "Likita, bagaruwata ce ta cuce shi?"

Ya ce, "Inna, ana binciken itatuwa irinta, don a cikinsu akwai abin da ke toshe wa ƙwayoyin kunne. Amma a ɗakin gwaji ake tukuna, ba a turmi ba." Ya juyo gare ni. "In baƙin nan ya wuce idon sawu, ƙafar za mu cire."

Manomi ba ƙafa. Na tsorata ƙwarai.

Kullum da safe a kankare ciwon har sai jini ya fito, ina cizon hulata. Allura ta jijiya, sati huɗu. Bijimin huɗarmu ya tafi a kuɗin magani.

Baƙin ya tsaya. Yatsu biyu aka yanke.

Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinya, da maƙwabtan da suka yi gayya suka nome min gero.

Don Allah, in ƙarfe ya sare ku, ku wanke da sabulu, ku je asibiti a ranar. Kada ku barbaɗa komai. Magani kuma ku shanye yadda aka rubuta.

Jiya Ummi ta hau cinyata, ta leƙa ƙafar, ta ce, "Baba, yaushe za su sake tsirowa?"