Safiyar da Malam Sale Ya Karɓi Ruwa

Har yau ban manta da safiyar da na fara sakar wa mutanen da madatsar Tiga ta cinye garinsu ruwan noman rani ba. A shekarun saba'in ne, ina ƙaramin malamin gona a ƙasar Bebeji. Aikin ya ishe ni, har na rubuta takardar neman canji zuwa ofis a Kano, tana aljihuna.

Ga ƙa'idar aikin. Da farko a auna wa manomi fili. Sannan in buɗe ƙofar ruwa. Daga nan shi da kansa zai fasa bakin gonarsa da fartanya. Wanda bai karɓi ruwa a zagayen farko ba, a ba wani filinsa.

Malam Sale, dattijon da suke bi, ya ƙi karɓar ruwan, sauran ma suka ƙi. Maigidana a wurin aiki ya ce, "Gobe ce ƙarshe. Wanda bai fito ba, ka soke sunansa."

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, filayenku za su tafi."

Ya ce, "Ɗan nan, ruwan da ya danne kabarin mahaifina kake so in ci tuwo da shi?"

Ban iya lallashi ba, sai na jero masa abin da na sani: ruwa yana fita ta ƙasan madatsa, ya bi babbar hanyar ruwa, ya shiga ƙarama.

"Ta ƙasa?"

"Ta ƙasa, Baba."



Washegari da hantsi na buɗe ƙofa. Sai ga shi da fartanya a kafaɗa, magidanta na biye. Ya jera da ruwan yana tafiya daidai da shi, kamar mai rakiyar baƙo. A bakin gonarsa ya tsuguna, ya ɗiba da tafin hannu, ya shinshina. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Ƙamshin ƙasar garinmu ne. Ashe biyo mu ya yi."

Ya yi alwala da shi, sannan ya fasa bakin gonar. Na ji ƙarar fartanyoyi suna faɗawa bi da bi har ƙarshen layi.

Takardar neman canjin nan ban miƙa ta ba. Ku da kuka zo bayanmu, ku sani cewa ba ƙofa kaɗai muke murɗawa ba. Shekarun da na yi a aikin nan, ban sake buɗe ruwa ba sai na fara yin bismillah.