Tafiyar Basiru

"Mi ya samu ƙafarshi? Basiru bai taɓa ɗingishi ba."

Inna Hajo ke nan, mahaifiyar abokina Basiru da aka kashe a hanyar Moriki. Ta zo shagona nan Ƙaura don ta ga bidiyon da na ɗauki majalisarmu wata Sallah. Ina sa shi a manhajar gyaran bidiyo, hoton ya dinga sarƙewa, Basiru na tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Kun san bakina. Na ce, "Inna, ƙafarshi lafiya lau, wannan tsinanniyar kyamarar ce. Danne hoto take kamar kaya a buhu, kwamfuta ta kasa warware shi da sauri. Sai na juya shi zuwa irin wanda take iya ɗauka."

"To juya, ɗan nan. Amma bar zagin abin da ya aje mini ɗa."

Na sa kwamfuta ta fara juya shi. Muka zauna muna kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana jan ciki.

Da ya gama, sai ga Basiru ya taho sumul, yana wannan rangajin nasa na rainin hankali. Ta ce, "Yauwa, haka yake tafiya." Ta gyara mayafi ta tafi.

Ni aka bari da sauran fuskokin 'yan majalisa da ke cikin bidiyon. Wasu na Gusau, wasu Nijar, ba mai kira. Na sake kunnawa ni kaɗai.

Ku tafiyar wa kuke marmarin sake gani?